Na Ce Musu Kyauta Ce, Yanzu Kuɗin Haya Ya Fi Ƙarfina

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina koyar da kwamfuta a wata makaranta mai zaman kanta a nan Maraɗi. Shekara huɗu da suka wuce, muna jami'a, ni da wani abokina muka rubuta wata 'yar manhaja mai lissafin makin ɗalibai da fitar da takardar sakamako. Muka sa ta a intanet a buɗe, da lasin GPL, kowa ya ɗauka ya gyara. Na bi makarantu da ƙafata ina ce musu kyauta ce, fi sabilillahi. Yau makarantu 14 ke aiki da ita, har da biyu a Tasawa da ɗaya a Madarumfa, ɗalibai wajen 4,000.

Duk bayanansu suna kan uwar garke ɗaya, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar a intanet, da nake haya a Turai. Haya da wurin ajiyar kwafi yuro 20 ne a wata, wajen jika 13 na sefa. Intanet da kira da man babur suna cin jika 12. Albashina jika 110 ne. Da katin bankin wani ɗan kawuna nake biya, ni kuma in tura masa, sau biyu saura kaɗan a yanke mu saboda na makara. Mai ɗakina tana da cikin wata bakwai, kuma ta gano na taɓa kuɗin ragon suna, yau kwana shida gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abokina ya samu aiki a Yamai, sunan adireshin shafin yana hannunsa, bai taɓa ba da ko dala ba, amma ya ce in muka karɓi kuɗi mun ci amanar buɗaɗɗiyar manhaja. Ga wani Alhaji mai ɗaya daga cikin makarantun ya ce zai ɗauki nauyin komai, da sharaɗin a dawo da uwar garken ofishinsa, a sa sunan makarantarsa a ƙasan kowace takardar sakamako, a kuma cire makarantu biyu da suke gasa da shi. Kunya nake ji in koma wurin mutanen da na ce wa kyauta ce ina neman kuɗi. In rufe, ko in karɓi tayin Alhaji, ko in ci gaba da daurewa?

Wani malamin makaranta, Maraɗi

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sauki mai ɗakinka lafiya, Ya sa albarka a cikin abin da ka shuka.

Tambayoyi uku ka rufe wasiƙarka da su, kuma babu ko ɗaya da ta shafi matar da ke kwana ɗaki ɗaya da kai ba ta yi maka magana. Ka sa ta a tsakiyar wasiƙa, tsakanin katin ɗan kawunka da abokinka na Yamai, kamar ita ma ɗaya ce daga cikin matsalolin uwar garke. Ni da ita zan fara. Jika 25 cikin 110 ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shiga gidanku, kuma shekara da shekaru yana fita ba tare da an zauna da ita an ce ga inda yake tafiya ba. Ina kyautata zaton ba ragon ne ya fi ƙona mata rai ba. Da ka zo ka ce mata haya ta taso, za a yanke makarantu 14 ana tsakiyar fitar da sakamako, ki ba ni aron kuɗin nan zuwa ƙarshen wata, wataƙila da ta yi ƙorafi ta ba ka. Ganowa ta yi da kanta, a lokacin da mace ke ƙirga kowace dala saboda asibiti da kayan jariri. Malamai sun sha faɗa mana a kan mumbari cewa mai sadaka ya fara da waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa. Ladan da kake nema a makarantun nan ba zai ragu ba don ka bi wannan tsari.

Saboda haka yau da dare, kafin ka taɓa kwamfuta, ka zauna da ita da takarda da biro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka rubuta mata abin da ke fita kowane wata, ka ba ta haƙuri a kan ɓoyewar ba tare da ka haɗa da lacca a kan amfanin manhaja ga al'umma ba, ka faɗa mata ranar da kuɗin ragon za su koma wurinsu, sannan ku yanke rana tare: daga wata kaza, ba sauran dalar gidan nan da za ta tafi Turai. Ita za ta riƙe maka wannan rana fiye da yadda za ka riƙe wa kanka.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ta ɗaure ka tun farko. Ka tsaya ka tuna abin da ka bayar ranar da ka ce kyauta ce. Rubutun manhajar ka bayar, aikin dararen da kuka yi kai da abokinka, kuma yana nan a buɗe, ba wanda ya ce ka janye shi. Lasin da kuka zaɓa ma ba zai bar ka ka ƙwace abin da mutane suka riga suka ɗauka ba. Amma kwamfutar da ke kunne dare da rana a wata ƙasa, wadda ake biya da yuro, ba ta cikin abin da ka mallaka balle ka kyautar. Haya ce. Ka je kowane ƙauye tsakanin nan da Dakoro inda wani bawan Allah ko wata ƙungiya ta haƙa fanfon burtsatse. Ruwan sadaka ne, kowa ya sani, amma akwai kwamiti, akwai mai zama bakin fanfo yana karɓar 'yan daloli a kan kowace jarka, saboda ranar da injin ya tsaya wanda ya haƙa ba ya nan. Garin da suka ce kunya suke ji su karɓi kuɗin ruwan Allah, bayan shekara biyu za ka tarar da matansu sun koma rijiya da guga. Haka masallacin unguwarku: wanda ya gina ya gina don Allah, amma kuɗin wuta daga asusun da ake zagayawa da shi ranar Juma'a yake fitowa, ban kuwa taɓa jin wanda ya ce liman ya ci amana ba.

Abokinka na Yamai yana da rabin gaskiya, shi ya sa maganarsa ta kama ka. Gaskiya ne ba za ku iya kulle abin da kuka riga kuka sake ku ce sai wanda ya biya zai ga cikinsa ba. Sai dai 'yancin da GPL take karewa shi ne na amfani da manhaja, da karanta cikinta, da gyara ta, da raba ta ga wasu. Ba ta hana karɓar kuɗi ba, a fili ma ta halatta. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na samar da buɗaɗɗun manhajoji a 1983 kuma ya rubuta wannan lasin, shi da kansa ya riƙa sayar da kwafin manhajarsa Emacs a kan kaset dalar Amurka 150, da wannan yake ci a farkon tafiyar. Kamfanin Red Hat bai ɓoye rubutun Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba, kulawa da gyara yake sayarwa, har IBM ta saye shi dalar Amurka biliyan 34 a 2019. Ban kawo wannan don in sa maka mafarkin biliyoyi ba. Ina so ne in abokinka ya sake cewa an ci amana, ka san cewa waɗanda suka kafa abin ba su fahimce shi yadda ya fahimta ba.

Halin da kake ciki kuma tsohon ciwo ne a wannan sana'a. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin babban ɓangare na shafukan duniya, har da na bankuna. Da aka duba masu kula da ita, sai aka tarar gudummawar da suke samu a shekara ba ta wuce wajen dalar Amurka 2,000 ba, kuma mutum ɗaya ne kawai yake aikin cikakken lokaci. Sai da abin ya fashe manyan kamfanoni irin su Google da Microsoft da Amazon suka yi alƙawarin dalar Amurka 100,000 kowannensu a shekara ga wani asusun tallafa wa irin waɗannan manhajoji. Kafin nan suna ta amfani da ita, ba don mugunta ba, don ba wanda ya kai musu takardar lissafi. Daraktocin makarantunka 14 ma haka suke. Yawancinsu, na tabbata, ba su san akwai wani abu da ake biya kowane wata ba. A ganinsu abu ne da yake cikin intanet kamar iska.

Labarin da ya fi kama da naka shi ne na wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita ba albashi, har ya fito ya ce ya gaji, lafiyarsa ma ta taɓu. Ana cikin haka wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimako, yana gyare-gyare masu kyau, wasu kuma suna matsa wa Collin lamba cewa ya yi jinkiri, ya ba wani dama. Ya ba shi. Bayan fiye da shekara biyu na haƙuri, mutumin ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin manhajar. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta yana ɗaukar ƙarin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono abin kafin ya bazu. Ba ina cewa Alhaji Jia Tan ne ba, Allah Ya kiyaye. Abin da nake nuna maka shi ne wanda ya gaji ba ya zaɓen hannun da zai miƙa wa kaya, duk wanda ya fara miƙo hannu shi ne. Kai kuwa a gajiye ka rubuto mini.

To mu duba tayin Alhaji da idon adalci. Cikin mutum 14 shi kaɗai ya lura akwai nauyi, shi kaɗai ya ce zai sa hannu a aljihu, wannan abin a gode masa ne. Ɗan kasuwa ne, kuma a garin da aka san shi da fatauci ba abin mamaki ba ne mutum ya nemi riba a kan kuɗinsa. Amma sharuɗɗansa uku ba nauyinsu ɗaya ba, kada ka karɓe su a dunƙule ko ka ƙi su a dunƙule.

Cire makarantu biyu, wannan babu zancensa. Yaran da ke can ba su yi wa kowa laifi ba, kuma ranar da sauran 11 suka ji an kori wasu don wani ya biya, kowa zai fara tunanin yaushe za a zo kansa. Dawo da uwar garke ofishinsa kuwa matsala biyu ne a cikin riga ɗaya. Ta farko ta inji ce. Wutar Maraɗi daga Katsina take biyowa ta Gazawa, kuma ba wanda ya manta yadda aka kwana a duhu daga Agustan 2023 lokacin da aka yanke layin Nijeriya. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da intanet ɗin da sai ya tsaya daram dare da rana. Kafin kwamfuta ta zauna lafiya a ofis sai an sayi batura da faifan sola da na'urar sanyaya ɗaki, kuɗin da zai biya hayar shekaru. Kuma in ta mutu ƙarfe biyun dare ranar da ake fitar da sakamako, kai za a kira. Ta biyu ta fi nauyi: a cikin kwamfutar nan akwai sunayen yara 4,000, makinsu, lambobin wayar iyayensu. Makarantu 13 ba su ba ka wannan don ka ajiye a ɗakin abokin gasarsu ba. Ko Alhaji bai taɓa leƙawa ba, zargin kaɗai ya isa ya watsa tafiyar. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke sa ido a kai, HAPDP, kuma da sunanka ake riƙe da bayanan.

Maganar suna ita ce mai sauƙi, a nan za ka iya ba shi wani abu. Takardar sakamakon wata makaranta ba wurin tallar wata ba ce, ba daraktan da zai yarda ya miƙa wa uba takarda da sunan maƙwabcinsa a ƙasa. Amma shafin farko na manhajar, inda ake shiga, zai iya ɗaukar jerin waɗanda suka tallafa, sunansa a sama in shi ya fi bayarwa. Akwai kuma wata hanya da lasinku ya buɗe: in yana son tasa a ofishinsa, ba mai hana shi. Ka girka masa kwafinsa, da bayanan makarantarsa kaɗai, da tambarinsa ko'ina, ya biya ka kuɗin girkawa da na kulawa kamar yadda yake biyan mai gyaran janareta. Wannan ciniki ne mai tsabta. Abin da nake guje maka shi ne mutum ɗaya ya riƙe dukkan igiyar, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma sharuɗɗan bana ba su ne na baɗi ba. In da ni ne, ba zan bar gudummawar mutum ɗaya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shekara ba. Kada ka ba shi amsa ta waya. Ka je gidansa bayan la'asar, in da hali tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka fara da godiya, ka ce masa amanar yaran mutane ce ta ɗaure maka hannu, sannan ka ajiye masa hanyoyin nan biyu. Babban mutum ya fi saurin karɓar a'a in an bar masa ƙofar da zai fita da girmansa.

Yanzu lissafi, wanda na ga alama ba ka taɓa yin sa har ƙarshe ba saboda tsoron abin da zai nuna. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, saboda haka hayarka ba ta hawa da sauka kamar ta maƙwabtanmu masu biya da naira, kana iya tsara shekara guda ba fargaba. Jika 25 sau 12 jika 300 ke nan. Sa jika 10 na sabunta sunan adireshi, 310. Sa ajiyar wata uku saboda ranar tsiya, jika 75, ya zama 385. Raba wa yara 4,000: bai kai dala 20 a kan kowane yaro a shekara ba. Sefa 100, kuɗin ƙosan safe. Wannan ne dutsen da ka ɗauka shekara huɗu kai kaɗai har ya shiga tsakaninka da iyalinka.

Ni dala 30 zan ce ka nema, sefa 150. Zai ba da jika 600, bayan an cire 385 saura 215, wajen jika 18 a wata ga wanda ke amsa waya da gyara. Na san za ka ce ba don kuɗi ka fara ba. Na yarda. Amma in ba a sa ladan mai kulawa a lissafi ba, ranar da ka gaji ko aka yi maka canjin wurin aiki ba wanda zai karɓa, don ba kowa ne zai yarda ya gaji wahala tsura ba. Kuɗin kujerar ne, ko wa ke zaune a kanta. In akwai makarantar da da gaske ba ta da hali, a yafe mata a gaban kowa, da yardar sauran, kada ya zama kai ne kake yafewa a ɓoye daga aljihunka.

Kafin ka kai wa kowa wannan lissafi ka rage abin da zai ragu. Rubutun manhajar ba ya bukatar haya, shafuka irin su Codeberg ko GitHub za su ajiye shi ba ko dala. Takardar shaidar tsaron shafi, in kana saye, Let's Encrypt tana bayarwa kyauta. Ka duba ko girman uwar garken da kake haya ya yi daidai da aikin, domin manhajar maki sai ƙarshen zango take shan wahala, sauran watanni kusan barci take, kuma sau da yawa matasa suna hayar babba don jin daɗin faɗa. Man babur zai ragu in ka koya wa mutum ɗaya a kowace makaranta ƙananan gyare-gyare, ka kuma sa lokacin amsa kira, misali bayan azahar zuwa la'asar. Wurin ajiyar kwafi kaɗai ne ban yarda ka taɓa ba, sai ma ka ƙara: kwafi ɗaya a wani kamfani daban, ɗaya a faifai a nan Maraɗi, kuma ka riƙa gwada dawo da shi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Za ka ji masu ce maka ka nemi tallafin waje. Akwai ƙungiyoyi masu riƙe wa irin wannan aiki kuɗi, kamar Software Freedom Conservancy da Open Source Collective, wadda ke cire kashi 10 cikin 100 na abin da ya shigo. Ba laifi ka gwada wata rana. Amma su masu riƙe kuɗi ne, sai an samu mai bayarwa, kuma mutumin Jamus ba shi da dalilin damuwa da takardar sakamakon Madarumfa kamar daraktan da ke fitar da ita. Masu shan ruwan suna nan kusa da kai.

Yadda za ka tunkare su ya fi adadin muhimmanci. Kada ka tura saƙo a WhatsApp, zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafarka ka kai musu kyautar tun farko. Ka buga rasiɗan haya na shekara guda, ka haɗa da takarda ɗaya mai lissafin nan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin komawa makaranta a Oktoba, lokacin da suke tsara kuɗin shekara kuma iyaye ke biya. Ka fara da biyu ko uku da ka san sun fi jin daɗin manhajar, in sun amince su za su ja sauran. Abin da za ka faɗa gajere ne: manhaja kyauta ce har gobe, wanda yake so ya ɗauka ya girka a kwamfutarsa ba zai biya komai ba, amma gidan da take zaune haya ne, shekara huɗu ni ke biya, yanzu iyali sun ƙaru. Ka tuna musu kwana nawa malamansu ke yi suna haɗa maki da hannu kafin ta zo. Ba roƙo ka je ba, kada ka sunkuyar da kai. Wasu za su ce ai ka ce kyauta ce. Ka ce haka ne, kuskurena ne da ban bambance muku tun farko ba. Wannan jimla ɗaya ita ce dukkan kunyar da kake gudu, kuma ba ta kai minti ɗaya ba. Wanda ya ƙi bayan haka, ka ba shi wa'adin wata uku a rubuce, ka fitar masa da bayanansa cikakku, kada ka yanke shi a tsakiyar jarrabawa, ku rabu kuna gaisawa.

Kuɗin kuma kada su shiga wayarka. Ranar da jika 600 na mutane suka haɗu da kuɗin cefane a lamba ɗaya, ranar ka sayi zargi, ko da ba ka ci ko dala ba. Ku kafa ɗan kwamiti, daraktoci biyu ko uku da kai, ma'aji ya zama ba kai ba. In tafiya ta miƙa ku yi rajistar ƙungiya, ku buɗe asusun banki mai sa hannu biyu da katinsa, ku sauke wa ɗan kawunka nauyin da ya ɗauka don zumunci. Shi ma ka kira shi ka gode masa, sau biyu ka sa shi cikin fargabar katinsa. Kowane ƙarshen zango a manna abin da ya shigo da abin da ya fita inda kowa zai gani.

Sunan adireshin da ke hannun abokinka shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk wasiƙarka, fiye da Alhaji. Kowace shekara ake sabunta shi. In ya manta, ko katinsa ya ƙi, ko ya canza akwatin saƙon da ake tura masa gargaɗi, shafin zai ɓace ko da hayarka a biye take, in aka yi sakaci kuma wani ya saye sunan. Kada ka buɗe masa maganar da zancen dalar da bai bayar ba. Mai yiwuwa shi ma kunya ce ke cinsa, ya tafi ya bar ka da kaya, sai ya fake da aƙida don ita ce ba ta cin kuɗi. Ka tura masa lissafin nan kamar yadda za ka nuna wa daraktoci, ka ce masa sunansa na nan a matsayin wanda aka kafa da shi, kana son ya zama cikin kwamiti, kuma abu ɗaya kake nema: a mayar da sunan adireshin ƙarƙashin akwatin saƙo na aikin, wanda mutum biyu ko uku ke da kalmar sirrinsa. Haka kalmar sirrin uwar garke da ta ajiyar kwafi, a rubuta a rufe a ambulan a ba ma'aji. Kai ma mutum ne, babur kake hawa a titin Maraɗi. Sannan ka leƙa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ka nemi ɗalibi ɗaya ko biyu masu neman aikin gwaji, ka koya musu a hankali, kana duba duk abin da suka rubuta kafin ya shiga, ba ka miƙa makulli ga wanda ka sani jiya ba.

Saura tambayarka ta farko, ko ka rufe. Halal ne, kuma ina so ka riƙe wannan a zuciyarka lokacin da kake zagayen makarantu, don wanda ya san yana iya tashi ya fi iya zama a yi magana. In zuwa ƙarshen Nuwamba abin da aka tara bai kai jika 310 na haya da zirga-zirga ba, ka sanar da su cewa uwar garken za ta tsaya a ƙarshen shekarar karatu, ka ba kowa bayanansa, ka rubuta bayanin yadda ake girka manhajar a kwamfutar ofis da Hausa da Faransanci, ka bar rubutun a buɗe inda yake. Ba na zaton za a kai nan. Daraktan da ya tuna yadda ake kwana da kalkuleta da jan biro ba zai bar abin ya mutu a kan dala 30 ba.

Ka rubuto mini bayan suna in ji yadda kuka yi da Alhaji. Ka gaishe da mai ɗakinka, ka ce mata na ce ta ajiye takardar da kuka rubuta ranar a kai.